Yaro Da Tsintaccen Kare

Ya 'yan'uwana ɗalibai, da malamanmu, da sauran ma'aikatan wannan kwaleji, ina roƙo ku ba ni aron hankalinku kaɗan a kan wani al'amari wanda ba ya cikin darussan da a ke koya mana, amma kuwa da wuya ɗayanmu ya yi shekara guda yana koyarwa bai gamu da shi ba. Al'amarin nan shi ne shaƙuwar da kan shiga tsakanin yara ƙanana da karnukan da ba su da gida. Ko birni aka tura ka ko ƙauye, wata rana sai ka ga ɗan kwikwiyo kwance gindin tagar ajinka yana jiran a tashi, ko kuwa ka lura wani yaro yana gutsurar ƙosansa yana turawa aljihu. Abin da aka saba yi kowa ya san shi, watau a tsala wa yaro bulala, a bi kare da jifa, a ce an yi maganin abin. Ni a ganina ƙara ciwo aka yi. Abin da ya kamace mu shi ne mu fito da wannan shaƙuwa fili, mu sa mata ƙa'ida, mu mai da ita hanyar tarbiyya da hanyar tsare ran yaron kansa. Ga dalilaina.

Bari mu fara da inda karnukan nan su ke fitowa. Daga gidajenmu su ke fitowa, ba daga daji ba. Karya takan ɗauki ciki wajen kwana 63, ta zubo 'ya'ya huɗu ko biyar ko fiye. Mai ita ya ba da ɗaya, ya sayar da ɗaya, sauran kuwa in sun dame shi da kuka sai ya zuba su a kwali, da dare ya kai su bakin juji, ko bayan mahauta, ko tashar mota, yana cewa a ransa wani ya tsinta. Wani kuma wurin aiki aka sake masa, mai gidan hayar da zai shiga ya ce ba ya son kare, sai ya kulle ƙofa ya tafi abinsa ya bar dabba a waje. A wuraren da tashin hankali ya kori mutane daga ƙauyukansu kuwa, ba mai tsayawa neman kare sa'ad da ya ke saɓe da yaro yana gudu. Saboda haka karen da mu ke ce wa na banza, yawanci an taɓa kiransa da suna, ko kuwa an taɓa kiran uwarsa. Ya san ƙofar gida, ya san muryar mutum, abin da ya ke yawon nema wani gidan ne.

To, me ya sa yaro ya ke bi, ba babba ba? Babba dogo ne, muryarsa da kauri, hannunsa da sanda, kuma kullum yana cikin sauri. Yaro kuwa gajere ne, yakan tsuguna, yakan miƙa hannu a hankali, ga ƙanshin abin da ya ci a yatsunsa. Masana halin dabbobi sun gane tsakanin mako 3 da mako 12 da haihuwa shi ne lokacin da kwikwiyo ya ke koyon wanda zai amince da shi. In ya sami mai ɗaukarsa yana shafa shi cikin makonnin nan, to, ya koyi cewa mutum ba abin tsoro ba ne, kuma da wuya ya manta da wannan karatu har tsufansa. Wanda bai sami kome daga hannun mutane ba sai jifa, shi ne kan girma ya zama matsoraci, matsoracin kare kuwa shi ne mai saurin cizo. Shin a garuruwanmu wane ne ke da sukunin tsugunawa bakin juji ya shafa kwikwiyo? Sai yaro.

Shi yaron kuma fa, me ya gani ga kare? Ku tuna da matsayin ɗan shekara bakwai ko takwas a gidajenmu. Uba ya aiki babban ɗa, babban ɗa ya aiki ƙanensa, ƙane ya aiki na bayansa, har aike ya gangaro ya tsaya a kan wannan. Kowa yana da ikon ce masa zo, tafi, rufe mana baki. Ran da ya tsinci kwikwiyo, ran nan ya fara samun wata halitta da ke ƙarƙashinsa, wadda in bai ba ta ruwa ba za ta kwana da ƙishi. Ya yi kira a zo da gudu, ya komo daga makaranta a tarye shi da rawar wutsiya. Sai ya raɗa masa suna, Duna in baƙi ne, Guntu in wutsiyarsa ta gutsure. Na kuma lura marayu, da yaran da ke riƙo a gidan dangi, da waɗanda ba su da bakin magana cikin tsara, su suka fi manne wa irin karnukan nan. Wanda ya ɗanɗana rashin wurin zama ba ya bukatar a fassara masa halin da kwikwiyon bakin juji ya ke ciki.

Kada wani ya zaci wannan sabon hali ne da yaran zamani suka kwaso daga talabijin. A shekarar 1914 wasu masu fasa dutse a Oberkassel, kusa da birnin Bon na ƙasar Jamus, suka tono wani kabari wanda ya yi wajen shekara 14,000. A ciki aka sami ƙasusuwan namiji da mace, da na wani ɗan kare wanda bai wuce wata bakwai ba. A 2018 da masana suka sake duba haƙoransa, sai suka ga alamar ya sha wani mugun ciwo na karnuka makonni da dama kafin ya mutu, irin ciwon da kwikwiyo ba ya daɗewa da shi sai in akwai mai ba shi ruwa da abinci, yana gyara masa makwanci. Kwikwiyo mai jinya ba ya farauta, ba ya gadi. Mutanen nan ba su da ƙarfe, ba su da gona, ba su da rubutu, amma suka yi jinyar dabbar da ba ta da wani amfani gare su a lokacin, da ta mutu kuma suka binne ta tare da nasu. Ashe abin da mu ke so mu fitar daga zuciyar yaro da bulala ya girmi noma.

Ga abin da na gani da idona. A zangon da ya wuce, da aka tura mu gwajin koyarwa, aka ba ni aji huɗu a wata makarantar firamare da ke bakin gari. Akwai wata jar karya mai yagaggen kunne da ta haihu cikin wani tsohon ɗakin ajiya wanda rufinsa ya faɗi. Yara shida kaɗai suka san da ita, maza huɗu, mata biyu. Ba wanda ya koya musu, amma sun raba kwanaki tsakaninsu: wannan ya kawo ƙanzo ran Litinin, wancan ya kawo ƙashi daga teburin mahaifinsa ran Talata, wata kuma ta cika kasko da ruwa kowace safiya. Ɗayansu, wanda lissafi ke gagara a kan allo, shi ya faɗa mini daidai ran da 'ya'yan suka buɗe ido, kwana 12 bayan haihuwa, gama yana zana layi a bango kowace rana. Mu malamai mukan sha wahala muna rubuta tsarin darasi a kan riƙon amana da aikin gayya, ga shi kuwa yara suna yinsa a bayan makaranta.

Amma da suka gane na gan su, abin da ya fara fitowa daga bakinsu shi ne, "Malam, don Allah kada ka faɗa wa kowa." Ina cikin yi musu magana sai na ga ɗaya daga cikin 'yan matan tana jan hannun rigarta tana rufe wuyan hannu. Na ce ta nuna mini. Ashe karyar ce ta kafta mata haƙori sa'ad da ta kai hannu za ta ɗauki ɗa guda, yau kwana biyu ke nan, ba ta gaya wa kowa ba, domin an riga an yi mata kashedi a gida cewa ran da aka gan ta da kare jikinta zai gaya mata. Nan da nan muka wanke wurin, hedimasta ya aika aka kira iyayenta, aka kai ta asibiti aka soma allura. Karyar kuma aka sa mata ido kwana 10, ba ta nuna wata alamar ciwo ba. Yarinya tana nan lafiya. Amma ku duba fa, haƙorin nan ɗan ƙarami ne, abin da ya kusa mai da shi babba shi ne kwana biyun nan da aka yi ana ɓoyo.

A nan tilas in ba iyaye gaskiyarsu, gama tsoronsu ba na banza ba ne. Ciwon haukan kare yana nan, kuma yana kisa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum wajen 59,000 ke mutuwa da shi kowace shekara, kusan dukansu a Afirka da Asiya. Har kashi 99 cikin 100 daga kare su ke ɗaukarsa, kuma wajen kashi 40 cikin 100 na waɗanda ya ke kashewa yara ne waɗanda ba su kai shekara 15 ba. Ƙwayar cutar tana cikin yawun karen da ya kamu. In ta shiga ta wurin cizo, ko yaƙushi, ko lasar wani rauni, sai ta bi jijiya sannu sannu har ta kai ƙwaƙwalwa. Yawanci takan yi wata 2 ko 3 tana wannan tafiya, wani lokaci mako guda, wani lokaci har shekara. Cizon fuska da na wuya sun fi haɗari domin hanyar ba ta da nisa, yaro kuwa saboda gajartarsa a nan a kan cije shi. Muddin ba ta kai ba, allura tana tare ta. Da zarar alamu sun bayyana, mutum ya fara ruɗewa yana tsoron ruwa, to, sai dai a yi ta addu'a, gama kusan ba mai tashi.

Duk na yarda da wannan. Inda na rabu da masu bulala shi ne a kan abin da bulalar ke haifarwa. Dukan yaro ba ya cire masa son kwikwiyo, sai dai ya koya masa ɓoyo. Jiya yana wasa da kare a ƙofar gida inda idon uwarsa ke kansa, yau ya koma kango inda ba mai ganinsa. Ran da aka cije shi kuma, sai ya auna abu biyu a ransa, zafin haƙori wanda ya riga ya wuce, da zafin dorina wanda ke jiransa, sai ya ja riga ya rufe. Rauni ya warke, kowa ya manta, bayan wata biyu a kwantar da yaro ana cewa mayu ne ko iskoki. Ciwon da maganinsa ya dogara ga saurin faɗa, mu kuma mun sa wa faɗar hukunci. Wane likita ne zai iya taimakon wanda bai san an cije shi ba?

Yana da kyau mu tuna mutum na farko da aka ceta da allurar nan yaro ne. Ran 6 ga Yuli 1885 wata mace daga yankin Alsas ta kai ɗanta Yusufu Maista, mai shekara 9, wurin Luwi Fasto a birnin Faris, kwana biyu bayan mahaukacin kare ya cije shi a wurare da yawa. Aka yi masa allura 13 cikin 'yan kwanaki, ya rayu, har ya girma ya zama mai tsaron ƙofa a cibiyar binciken da ke ɗauke da sunan Fasto. Ilmin Fasto ya yi aiki ne domin an san da cizon, an kuma kai yaron da wuri.

Wani zai ce, to, a kashe karnukan banza duka mana a huta. An gwada wannan a ƙasashe da dama, bai yi ba. Muddin juji yana nan da ragowar abinci, mahauta tana zubar da ƙashi, karyoyin gida suna haihuwa ana jefarwa, to, in ka kashe goma bana, baɗi goma sun maye gurbinsu. Banda wannan kuma guba ba ta tambayar kare ko an yi masa allura. Takan kashe wanda aka yi wa, ta buɗe wuri ga baƙon da ba a yi wa ba. Abin da masana suka tabbatar shi ne, in aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan gari allurar rigakafi, ciwon yakan rasa hanyar tsallakawa daga kare zuwa kare, sai ya mutu don kansa. Ƙasar Meziko ta bi wannan hanya da allura kyauta kowace shekara. A 1990 mutum 60 suka kamu da ciwon daga cizon kare a can, a 2006 ba ko ɗaya, a 2019 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida ƙasar ta rabu da shi. Nan kusa da mu, a birnin Injamena na ƙasar Cadi, an yi wa karnuka fiye da 18,000 allura a 2012, da fiye da 22,000 a 2013, sai aka yi watanni ba a sami mahaukacin kare ko ɗaya a birnin ba, har sai da aka shigo da ciwon daga waje.

Yanzu ga tambayar da ta komo da mu kan yaro. Allura ba ta shiga jikin kare sai an kama shi an riƙe. To, wane ne zai kamo shi? Mai gida yana gona ko kasuwa, kuma sau da yawa karen ba ya yarda ya taɓa shi. Ma'aikacin dabbobi baƙo ne, kare na hango shi ya ranta a na kare. Wanda zai yi fito sau ɗaya kare ya fito daga ƙarƙashin rumbu ya bi shi mil biyu, shi ne yaron nan da mu ke duka. A ƙauyukan da ke kewaye da dajin Serengeti na ƙasar Tanzaniya, inda a ke yi wa karnuka allura shekara shekara tun 2003, yawancin masu jawo karnuka zuwa wurin allura yara ne. Hausawa sun ce karen bana shi ke maganin zomon bana. Mu a ƙasar nan ba mu rasa magani ba, gama cibiyar binciken lafiyar dabbobi da ke Vom a jihar Filato, wadda ke wurin tun 1924, ta daɗe tana yin allurar rigakafin haukan kare. Abin da ya rage shi ne hannun da zai kai kare gaban mai allura, hannun nan kuwa yana cikin ajinmu yana riƙe da fensir.

Akwai sauran ƙorafe-ƙorafe, kuma ban raina su ba. Wata uwa za ta ce tuwon da bai ishi 'ya'yanta ba, ina za ta sami na kare? Gaskiyarta, kuma ba wanda ya isa ya tilasta wa gida ɗaukar bakin da ba zai iya ciyarwa ba. Wani zai ce ƙazanta, ga kaska, ga ƙuma, ga tsutsar ciki. Wannan ma gaskiya ne, amma duka suna da magani a wurin likitan dabbobi, wanke hannu da sabulu kafin cin abinci kuwa darasi ne da mu ke koyarwa ko da kare ko babu. Wasu gidaje kuma saboda addini ba su ajiye kare cikin gida, wannan haƙƙinsu ne, ba aikin malami ba ne ya ja da shi. Sai dai abokaina Musulmi na ajinmu sun tuna mini an yarda a ajiye kare don kiwo da farauta da tsaron gona, kuma kowane almajiri ya san labarin mutumin da Allah ya gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishi. Ban san addinin da ya halatta a ɗaure wa kwikwiyo gwangwani a wutsiya a bi shi da duwatsu ba. Mutum yana iya cewa kare ba zai kwana a gidansa ba, ba tare da ya koya wa ɗansa mugunta ba.

Akwai kuma wani abu da wasu iyaye kan yi wanda ya fi bulala ciwo. Su ƙyale yaro ya yi wata takwas yana raba abincinsa da kare, ran da kare ya yi ƙiba sai yaro ya komo daga makaranta ya tarar da igiya kaɗai, an sayar wa fatake. Cinikin kare sana'a ce sananniya a wasu sassan ƙasar nan, kasuwar Dawaki ta ƙaramar hukumar Kanke a jihar Filato ma da shi ta yi suna, kuma ba sana'ar na ke zargi ba. Abin da na ke zargi shi ne a ce wa yaro abu nasa ne, sa'an nan a sayar a bayan idonsa. In niyyar gida ke nan, a faɗa masa tun ran farko. Yaron da aka yi wa haka ya koyi cewa maganar manya ba abin riƙo ba ce, mu kuma gobe mu tsaya gabansa muna koya masa gaskiya da amana.

To, me na ke so mu yi in mun fita? Na fari, mu kafa doka ɗaya a ajinmu, mu kuma roƙi iyaye su kafa ta a gida: duk yaron da kare ya ciza ko ya yaƙusa, in ya faɗa, ba duka, ba zagi, ko da shi ya tsokano. Na biyu, kowane yaro ya haddace abin yi kamar yadda ya haddace sau biyu: a wanke rauni da sabulu da ruwa mai gudu har minti 15, kada a tsaya shafa toka ko barkono ko ganye, a tafi asibiti ran nan, a kuma cika allurai duka yadda likita ya tsara, ko da rauni ya warke. Karen da ya yi cizon, in an san shi, kada a yi gaggawar kashe shi, a tsare shi kwana 10 ana dubawa, amma kada a jira ƙarshen kwanakin kafin a soma allura.

Na uku, mu koya musu ladabin zama da kare. Ba a taɓa shi yana cin abinci, ko yana barci, ko karya tana kan 'ya'yanta. Ba a kai fuska kusa da bakinsa. In baƙon kare ya taso, ba a gudu, a tsaya cik, a sauke hannu, a kau da ido. Kare mai dalalar da yawu, mai tangaɗi, mai cizon itace da dutse, ko wanda halinsa ya sake farat ɗaya, ba na tsinta ba ne kome tausayin da ya ba su, sai a ja da baya a kira manya.

Na huɗu, in yaro ya tsinci kwikwiyo mai lafiya, mu bi shi gida mu yi magana da iyayensa cikin ladabi. In sun yarda, a yi sharaɗi a gaban yaron: kare ya sami makwancinsa a waje da kaskonsa dabam, a yi masa allura in ya kai wata 3, a kuma sake kowace shekara, a tambayi likitan dabbobi batun fiɗiya ko aikin hana haihuwa, don kada baɗi a sake kai kwali bakin juji. In ba su yarda ba, kada a ce wa yaro ya mayar inda ya ɗauko. A sa shi cikin neman gida. Manomi yana so, makiyayi yana so, maharbi yana so, mai gadin kasuwa yana so. Hakanan muka yi da 'ya'yan jar karyar nan guda huɗu, cikin mako uku duk suka sami masu su, uwar kuma mai gadin makarantar ya riƙe ta bayan an yi mata allura. An ce tsintacciyar mage ba ta mage, amma ban ji an faɗi haka ga kare ba, gama wanda ya san yunwa ba ya wasa da ƙofar da aka ba shi tuwo.

Kafin mu kai wannan wa'azi wani gari, ya kamata mu duba tsakar gidanmu. Kowa ya san karnukan da ke kwana bayan ɗakin girkin kwalejin nan, kowa kuma ya ga 'ya'yan ma'aikata suna wasa da su da yamma. Wa ya san ko nawa ne? Wa ya san wanda aka yi wa allura a cikinsu? Ran 28 ga Satumba, ranar da Fasto ya rasu a 1895, ita aka keɓe tun 2007 don tunawa da yaƙi da haukan kare a duniya duka, kuma hukumomin lafiya na duniya sun sa 2030 ta zama shekarar da za a daina rasa rai saboda cizon kare. Shawarata ita ce, kafin ranar ta zagayo, ƙungiyar ɗalibai ta nemi izinin hukumar kwaleji, mu tara yaran nan su ƙidaya mana karnukan, gama su suka san sunan kowanne da inda ya ke kwana, sa'an nan a gayyato ma'aikacin dabbobi, yara su riƙe, a yi allura. Duk wanda ke gwajin koyarwa a makon nan kuma ya ba da rabin awa ga wannan darasi a ajinsa.

An ce icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Yaron da aka koya wa ya ciyar da mai yunwa, ya kiyaye kansa, ya kuma faɗi gaskiya ba tsoro, ina tsammani shi ne irin mutumin da iyaye suka turo mana 'ya'yansu mu mayar. Na san akwai waɗanda ba za su yarda da ni ba, musamman cikin manyanmu waɗanda suka taɓa ganin mai ciwon nan da idonsu. Ina roƙonsu su amsa mini a fitowa ta gaba, mu ji nasu dalilan, gama hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Allah ya tsare mana yaranmu, ya ba mu ikon riƙon amanarsu.